Zunilda a Kujerar Tsakiya

Ina 'yar shekara tara na fara jin sunan Zunilda, kuma da zagi na ji shi.

Wata Asabar ce, kakata Otilia tana soya albasar empanada, wato sambusarmu ta Chile, a bayan gida, sai maƙwabciyarmu, wata Baturiya mai kyanwoyi, ta leƙo ta kan shinge ta yi dogon bayani. Kaka ba ta jin Turanci. Ta yi ta murmushi tana gyaɗa kai tana cewa "yes, yes," sannan ta dube ni. Na faɗa mata abin da matar ta ce, ban rage komai ba: wai warin albasa yana kama mata shanya, wai nan Fairfield ne, ba ƙauyen da muka baro ba. Kaka ta ƙara mata wani "yes" ɗin, ta ɗaga mata hannu, ta ja ni kicin.

"Wa ya ce ki kwaso mini duka? Da kin ce albasa ta dame ta ai ya isa. Zunilda za ki zama mini a gida?"

"Wace ce Zunilda, Kaka?"

Mamata ta miƙo mini wuƙa da dafaffen ƙwai, ta ce in yanka, in kuma rufe bakina.

Daga ranar na lura sunan yana yawo a cikinmu 'yan Chile na yammacin Sydney. Yaro ya faɗa wa ubansa duk abin da malamin makaranta ya ce, a kira shi Zunilda. Mace ta gaya wa ƙawarta rigar ba ta karɓe ta ba, Zunilda. Na daɗe ina tsammanin wata dodanniya ce ta tatsuniya. Ashe tana nan da ranta, 'yan layuka kaɗan daga gidanmu, kuma ita ce ta riƙe ni a coci ranar baftismata.

A gidanmu ni ce mai yawan tambaya. Abin da zan faɗa nan na tsinto shi ne guntu-guntu, wani a bakin mamata in muna wanke-wanke, wani a bakin Kawu Hernán in ya sha ya yi laushi, mafi yawa kuma a bakin ita mai sunan.

Zunilda Oyarzún 'yar Lota ce, garin kwal, garin su kakata. Ubanta mahaƙi ne. Turancinta ta same shi ne a wani ofishin jiragen ruwa inda ta yi aikin buga takardu tana budurwa. Ta zo Ostiraliya ita kaɗai, bayan sojoji sun karɓi mulki a gida, ta haɗu da kakannina a sansanin saukar baƙi. A can ana ba su dafaffen naman tunkiya safe da yamma, shi ya sa Kaka ta ɓoye risho a ƙarƙashin gado tana dafa wake. Kaka ta ciyar da Zunilda, Zunilda ta zama bakin Kaka. Tun lokacin suke kiran juna comadre, yadda matanmu ke kiran wadda suka ɗauka 'yar'uwa.

Aikin guga ta samu a ɗakin wankin wani otal, a nan ta ƙare ƙarfinta. Amma duk Asabar da yamma tana koyar da Turanci kyauta a zauren bayan coci. Ba ta da allo mai kyau, kujeru uku ne kayan aikinta. Sai ta jera su, ta zaunar da mutum uku. Na dama ya yi magana, na tsakiya ya ɗauke ta ya kai wa na hagu: ya ce kaza, ta ce kaza, ya tambaya ko kaza. Ta ce rayuwarmu a ƙasar nan duk haka take, wani ya faɗa wani ya kai, don haka gara a iya kaiwa. In na tsakiya ya ƙara gishiri ko ya rage, sai ta buga cokali a tebur, a sake daga farko.

"Don Segundo, kai ne oga yau," in ji ta ga kakana Segundo, wanda muke kira Tata; Don ɗin kalmar girmamawa ce a wurinmu, kamar Malam. "Hernán, kai ne lebura. Comadre, tsakiya."

"Ni oga?" in ji Tata. "To na kori Hernán. A tashi a sha shayi."

"Ka kore shi da Turanci in ka isa."

Babban yaƙinta shi ne da "yes, yes" ɗin mutanenmu. Mu ba ma iya ce wa babba ba mu gane ba, kunya muke ji. Likita, ɗan sanda, mai gidan haya, kowa sai mu gyaɗa masa kai. Tata da kansa ya taɓa ce wa ogansa na masana'anta "yes, yes," sai da ya shekara yana aikin Lahadi, ƙwallon 'yan garinsu tana wuce shi, bai san shi ya amince ba. Zunilda ta koya musu yadda ake cewa na yarda, da ni ma haka, da ni ma ba na so. Sannan ta sa kowa ya miƙe tsaye shi kaɗai ya dube ta cikin ido ya ce ban yarda ba. Manyan maza masu gashin baki sai su kama in'ina.

"Señora," in ji Tata, yadda ake kiran mace da girmamawa, "mu da muka ce ba mu yarda ba a can gida, ai kin ga inda muka tsinci kanmu."

Wani ya fashe da dariya, kowa ya bi. Mamata ta ce ita Zunilda ba ta yi dariyar ba. Cewa ta yi ya sake faɗa.

Ba ta da takardar tafinta, amma duk wanda zai je asibiti ko kotu ko makarantar yara, ƙofarta yake bugawa. Ta kan bar guga a yanke mata albashin yini ta bi mutum. Kowa ya san ba ta ƙari, ba ta ragi. A lokacin yabonta ake yi da haka.

Ina 'yar shekara biyu Tata ya fara tari. Ya daɗe yana shirin komawa Lota ya ga bikin 'yancin ƙasarmu na watan Satumba, ya sha a gidan ƙanensa, ya dawo. Har akwati ya saya. Da aka ɗauki hoton ƙirjinsa, Kawu Hernán ne ya fara jin sakamakon, ya zo ya faɗa wa Kaka da mamata. Suka yi abin da kowane gida namu ke yi. Ba ma gaya wa mara lafiya ciwonsa na ajali ne. Sai a shiga banɗaki a yi kuka, a wanke fuska, a fito da miya da labarin ƙwallo. Suka ce masa sanyi ne ya kama masa ƙirji. Amma likitocin nan mara lafiya suke so su gaya wa, kuma likitan Tata ya sa ranar da zai zauna da shi.

Tata ya ce Zunilda za a kira. Ya ce Turancin Hernán na sayen giya ne da neman 'yan mata.

Kaka ta tare ta a barandar asibitin, tun kafin ta cire rigar sanyinta.

"Comadre, ki ce masa sanyi ne. Ki ce tsohuwar ƙurar kwal ce take tashi. Ki bar masa Satumbarsa."

"Hernán ya shiga mana."

"Segundo ya ƙi. Ke yake so."

"To bari in koma gida tun bai gan ni ba. In na zauna tsakaninsa da likita, abin da likita ya ce shi zan faɗa. Kin san ni."

Kaka ta riƙe mata hannu biyu. "Na san ki. Shi ya sa na san ba za ki yi mini haka ba."

Daga cikin ɗakin sai ga muryar Tata. "Malamarmu nake ji? Shigo, Señora, kafin mutumin nan ya sayar da ni ina ce masa yes."

Ta shiga. Likitan ya ɗaga hoton a haske ya yi bayani a hankali, Tata yana gyaɗa kai yadda ya saba. Da ya gama, Tata ya juyo.

"Me ya ce?"

Mamata ta ce Zunilda ba ta dubi kowa ba sai shi. "Ya ce ciwon daji ne, Don Segundo, a huhu duka biyun. Ya ce ya wuce a yi aiki. Ya ce za su iya rage maka zafi. Ya ce da wuya ka ga Satumba."

"Ke fa? Kin yarda da shi?"

"Na ga hoton. Na yarda."

Tata ya dubi matarsa. "Otilia, ke kin sani?" Kaka ta sunkuyar da kai. Ya dubi Hernán, ya dubi mamata. Babu wanda ya iya ɗago ido. Sai ya juya ga likitan ya faɗa masa da Turanci, tiryan-tiryan, jimlar nan da aka sha wuya kafin ta zauna masa: ban yarda ba. Likitan ya dafa kafaɗarsa. Tata ya juya fuskarsa bango.

Da aka dawo da shi gida ya daina cin abin da Kaka ta dafa. Ya ce sun zauna da shi a tebur ɗaya suna kallonsa yana lissafin tafiya kamar wawa. In Kaka ta shiga ɗakin sai ya ba ta baya. Ya kira Hernán ya raba kayan aikinsa, ya sa aka kira ƙanensa a waya suka yi sallama, ya ce a ba mamata akwatin. Amma matarsa bai sake yi mata wata magana mai tsawo ba. Ya rasu tun sanyin ƙasar nan na watan Yuni bai shigo ba, da wuri fiye da yadda likitan ma ya zata.

Ranar zaman makoki Zunilda ta zo da tukunyar wake. Kawu Hernán ya tare ta a bakin ƙofa.

"Señora, ai kin riga kin kawo naki."

Ta tsaya jim kaɗan, ta ajiye tukunyar a kan matakala, ta juya. Ba wanda ya taɓa tukunyar sai da waken ya yi tsami.

Asabar ta gaba mutum uku suka je aji. Ta bayanta ba kowa. An ce ta jera kujerunta ta zauna har mai shara ya zo. Maganar da ta zagaya ita ce bakinta ne ya kashe Don Segundo. Abin da ya fi ba ni takaici da na girma shi ne ba su daina buƙatarta ba. Wanda ɗansa ya faɗa hannun 'yan sanda, ko matarsa za ta ga likitan mata, sai ya lallaɓa ya buga mata ƙofa, ta kuwa ɗauki jakarta ta bi shi. Ranar bikin Satumba a filin ƙwallo mutumin nan zai wuce ta da farantinsa kamar bai taɓa ganinta ba. Daga baya gwamnati ta yawaita tafintocin waya, mu yara kuma muka taso da Turanci a baki. Sai ƙofar ma aka daina bugawa.

Da na gama sakandare na samu aiki a wani kantin magani, ina kai wa tsofaffi maganinsu gida. Wata rana aka miƙo mini leda da sunanta a jiki. Na hau benen na buga ƙofa. Wata 'yar ƙaramar tsohuwa ce ta buɗe, yatsunta duk sun lanƙwashe da guga.

"Ajiye a tebur," in ji ta. Sai ta tsaya. "Ɗago fuskarki. Wannan goshin Segundo ne. Ke ce Mireya. Kin yi mini fitsari a riga ranar baftisma, har yau ba a ba ni haƙuri ba."

Ta ce in kira ta Madrina, tunda ko an ƙi ko an so ita ce uwar baftismata. Na fara zuwa duk Asabar ba da sanin gida ba, muna shan shayi da burodi da fiya. Sai da muka saba na tambaye ta me ya hana ta ce sanyi ne.

Ta daɗe tana juya cokali. "An taɓa gaya miki ina da miji?"

"A'a."

"Eladio. Sojoji suka ɗauke shi daga bakin ramin kwal. Na je bariki, aka ce an kai shi arewa. Fadan cocinmu ya ce in yi addu'a, yana nan lafiya. Maƙwabta suka ce wani ya gan shi. Yayata ta ce in saƙa masa rigar sanyi, kurkukun arewa akwai sanyi da asuba. Na saƙa, na kai bariki, suka karɓa. Na saƙa wata. Shekara ta zagayo ina kai abinci da riguna. Ashe tun makon farko aka harbe shi, kuma duk layinmu sun sani. Yayata ta sani. Ita ce take taya ni zaɓen zare." Ta kurɓi shayin. "Tausayina suke ji, wai. Ba wanda ya tambaye ni ko ina son tausayin."

"Kaka ta san wannan?"

"Ita kaɗai na taɓa faɗa wa. A kan rishon nan nata." Ta dube ni. "Ke kin yarda da abin da na yi?"

Na ce ban sani ba, Madrina. Ta ce madalla, gara haka da gyaɗa kai.

Ni ce na kawo shawarar in kai saƙo tsakaninsu. Na ga su biyun sun tsufa, kowacce ita kaɗai a kicin ɗinta, nisan da ke tsakani bai kai tafiyar shan iska ba. Madrina ta ce, "Ki ce mata na ce ina kewarta. Ban ce na yi nadama ba, kar ki ce na ce."

Na sami Kaka tana tsince wake. Na faɗa mata inda nake zuwa ranar Asabar, na faɗa mata saƙon yadda aka ba ni shi, har da ƙarshen. Hannunta bai tsaya ba.

"Ki ce mata na ji. Ki ce mata ni da Segundo mun yi aure tun ina yarinya, ya mutu yana ba ni baya. Ki ce mata ita ta huce haushin yayarta a kaina, ni a kan wa zan huce?"

Na koma da shi. Madrina ta sa na zauna, ta ce, "Me ta ce?" Na faɗa. Ta rufe ido.

"Haka ta ce? Ba ki gyara ba?"

"Ban gyara ba."

"To. Tana da gaskiyarta." Ta miƙe ta ɗauke kofuna. Ba ta sake aikena ba, Kaka ma ba ta sake tambaya ba.

Bara hawan jini ya buge Madrina, ɓarin jikinta na dama ya yi nauyi. Ta farfaɗo, amma Turancin ya tafi ɗungurungum. Matar da ta yi wa rabin unguwa baki ta koma tana kallon nas tana murmushi tana gyaɗa kai. Da ta ankara da abin da take yi sai ta kama haɓarta da hannun hagu ta riƙe. Sifaniyancinta na Lota ne kaɗai ya rage, da kalmomin da ko mamata ta manta su.

A gwaje-gwajen da aka yi ta yi mata aka gano wani abu a hantarta, irin wanda ba a warkewa. Ba ta da kowa a ƙasar nan, sunana ta bayar. Likitar ta kira ni ta sa rana. Na faɗa wa mamata, don ban iya riƙewa ni kaɗai ba.

"Ki ce mata tsufa ne," in ji mamata. "Mace mai wannan shekaru, me za ta yi da sanin? Ki raga mata, Mireya."

A barandar asibitin na gane abin da Kawu Hernán ya ji, na gane abin da Kaka ta roƙa. Ba mugunta ba ce. Muka shiga, aka ba ni kujera tsakaninta da likitar. Likitar ta yi bayaninta. Madrina ta juyo ta ce, "Me ta ce?" Na faɗa mata duka. Ta tambaye ni ko na yarda. Na ce na yarda. Ta ce to a kai ta gida, tana so ta raba tukwanenta da kanta.

Ta rasu a watan Yuli. Waɗanda suka zo binne ta ba su cika benci biyu ba. Kaka ba ta zo ba. Da labarin asibitin ya iso gida, ta dube ni daga inda take zaune ta ce wa mamata, "Ban faɗa miki ba tun tana ƙarama?" Yanzu in na shiga taron 'yan'uwa ina jin sunan yana bina a ƙasa-ƙasa. Har yau ban san ko na yarda da abin da ta yi wa Tata ba. Mamata ta sha tambayata yadda zuciyata ta iya. Amsar da nake ba ta ɗaya ce. Tun kafin ciwon, wata Asabar muna shan shayi, Madrina ta ture kofinta gefe ta kama hannuna da yatsunta masu lanƙwasa.

"Mireya, in tawa ranar ta zo, ke za ki zauna a tsakiya. Kar ki bari su kira mini tafintan waya, kar ki bari mahaifiyarki ta shiga. Ki dube ni, ki faɗa mini abin da aka ce. Ko da kin ga ina gyaɗa kai, ki faɗa."